Wa Ya Ga Fuskar Bello? Tarken Wasu Hotuna

A hutun da ya wuce na je Wurno gaida wata gwaggona, sai na ratsa rumfar wani dattijon wanzami kusa da kasuwa don a rage mini suma. A jikin ginshiƙin rumfar an rataye wata tsohuwar kalanda da ƙura ta ci rabinta, irin wadda ake jera hotunan Sarakunan Musulmi tun daga Shehu Usmanu har zuwa na baya-bayan nan. Da yake wanda ake wa aski ba shi da aikin yi sai kallo, na ƙura mata ido, sai na lura da wani abu. Layukan sama, wato na Shehu da Bello da waɗanda suka biyo su, zanen hannu ne, kuma mai zanen ya yi su farare tas, da siraran fuskoki da dogon hanci har baka, ka ce daga Misira aka ɗauko su. Layukan ƙasa kuwa, irin su Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Musulmi Abubakar na III, hoton kyamara ne, kuma ga su nan kamar sauran dattawan da ake gani a masallacin Juma'a, wani wankan tarwaɗa, wani ya fi duhu. Zuriya ɗaya ce, gida ɗaya, amma sai ka ga kamar launin jikinsu ya sake daidai ranar da kyamara ta iso ƙasar Sakkwato.

Na ce, "Baba, wa ya ga Shehu har ya san haka hancinsa yake?" Sai ya danna mini kai ƙasa ya ce, "Kai ɗan boko, mi ad damuwakka da hanci? Ai awa haka Hillanin dauri suke."

To, wannan amsa ta Baba wanzami ita ce ta haifi wannan 'yar maƙala. Mun saba a wannan mujalla da tarken waƙa da ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo, amma da wuya ka ga ɗayanmu ya ɗauki hoto ya yi masa irin tambayoyin da muke yi wa baiti, wato wa ya yi shi, don wa, me ya faɗa, me kuma ya haɗiye. Alhali kuwa hoto ya fi littafi yawan masu karatu, domin ba ya bukatar a san baƙi da wasali. Abin da nake son in nuna shi ne, fuskar da masu zanenmu ke ba magabata ba gado ba ce daga magabatan, aro ce, kuma wanda ya ba mu aron yana da nasa dalilin.

Da farko dai babu wanda ya taɓa ɗaukar hoton Shehu ko na Bello. Shehu ya rasu a 1817. Bello ya rasu a 1837, aka rufe shi nan Wurno, ribaɗin da ya gina da kansa. Ita kuwa sana'ar ɗaukar hoto ba a bayyana ta ga duniya ba sai a 1839, can a Faransa. Saboda haka duk wata fuska da aka ce ta Bello ce, daga kan mai zane ta fito. Ba laifi ba ne mai zane ya ƙaga. Aikinsa ke nan, kamar yadda marubucin labari ke ƙagawa. Abin tambaya shi ne, da ya zauna zai ƙaga, daga wace rijiya ya ɗebo?

Ɗaya daga cikin rijiyoyin ita ce littattafan matafiya Turawa. Hugh Clapperton, wanda mutanenmu suka sani da Abdullahi, ya iso Sakkwato a 1824 ya gana da Bello, ya kuma siffanta shi a littafin tafiyarsu da aka buga a 1826. Ya ce mutum ne mai kwarjini, kakkaura, mai gajeren baƙin gemu da manyan idanu, sa'an nan ya ce hancinsa irin na Girkawa ne. A wuri guda kuma ya ce Sarkin ya ja amawali ya rufe hanci da baki irin na Buzaye. (Ni dai har yau ina mamakin yadda aka auna hancin da ke cikin amawali, amma watakila an sauke shi da aka zo gaisawa.) Mai karatu ya lura, a bakin Baturen wancan zamani, "hancin Girkawa" ba kwatance ba ne kurum. Yabo ne, kuma yabon yana nufin wannan mutum ya kusa da mu. Clapperton ya ga sarki mai ilmi, mai tambayarsa labarin taurari da na ɗarikun Kirista, sai ya nemo masa dalili a fuska.

Bayan shekara kusan 30 sai ga Heinrich Barth, wato Abdulkarimu, Bajamushen da Ingila ta aiko. A 1853 ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Bello a sansanin Gawasu, ya zauna Wurno fiye da wata guda, ya sake komowa a 1854. Shi ma ya siffanta Sarki. Ya ce matsakaicin mutum ne mai kauri da zagayayyar fuska, kuma wai kamanninsa sun fi ɗauko na mahaifiyarsa, baiwa Bahaushiya, bisa ga na mahaifinsa, ɗa kuma babban Bafillace. A nan nake son mu ɗan dakata. Barth bai taɓa ganin Bello ba, domin ya rasu shekara 16 kafin zuwansa. Babu kuma alamar ya ga mahaifiyar Aliyu. To, da me ya gwada? Ya gwada ne da wasu fuskoki biyu da ya zo da su cikin kansa: ɗaya siririya mai haske wadda ya sa wa suna 'yanci da sarauta, ɗaya mai faɗi da duhu wadda ya sa wa suna bauta. Ya ɗora Aliyu a kan wannan ma'auni ya ga inda ya rinjaya. Ba ina cewa Barth maƙaryaci ba ne. Cikin duk matafiyan nan babu wanda ya kai shi lura da jin harsunanmu, kuma muna cin amfanin littafinsa har gobe. Amma idon da ya fi kowane kaifi ma ta cikin tabarau yake gani. Hatta hotunan da ke cikin littafin nasa, har da shahararren hoton nan na kasuwar Sakkwato, wani mai zane ne, Johann Martin Bernatz, ya gyara su daga zayyanar Barth. Bernatz ya taɓa zuwa Habasha, amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ke nan mutanen da muke nuna wa ɗalibai muna cewa ga kakanninku sun bi ta hannun wanda bai taɓa cin wannan kasuwa ba.

Su kuwa masu zaɓen sarki da suka naɗa Aliyu a 1842 ba hancinsa suka duba ba. A shari'ar da suke bi, ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne cikakke, yana gado, yana sarauta, nasabarsa ta uba ce. Aliyu ya yi shekara 17 a kan gado, kuma 'ya'yansa biyu, Umaru da Attahiru na II, sun hau bayansa. A gwada wannan da dokar da Turawan Bajiniya ta Amurka suka kafa a 1662, cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, ko da kuwa ubansa shi ne mai gandun. A can, fuskar uwa hukunci ce. Barth ya ɗauko tunanin wata duniya ya karanta fuskar Wurno da shi.

Da Turawan mulki suka ci Sakkwato a 1903, wannan tunani ya tashi daga littafin matafiyi ya koma ofishin Razdan. Lugard da matarsa Flora Shaw, wadda ta fitar da littafinta a 1905, sun riƙa cewa Fulani wani jinsi ne dabam mai hasken fata da aka halitta da iya mulki, ba kamar baƙaƙen da suke mulka ba. Masana irin su C. G. Seligman, a littafinsa na 1930, suka yi wa abin rawani da sunan ilmi, suka ce duk wani ci gaba da aka gani a Afirka aikin wasu "Hamawa" ne da suka shigo daga waje. Yau babu masanin kirki da ke riƙe da wannan ra'ayi, kuma masana harsuna sun daɗe da tabbatar da cewa Fillanci ɗan'uwan harsunan Senigal ne irin su Serer da Wolof. Amma ra'ayin ya yi wa Turawa aiki a lokacinsa, domin ya ba su hujjar mulki ta hannun sarakuna. Ra'ayin ya mutu a jami'a, sai dai gawarsa tana nan rataye a rumfar wanzami.

Ba mu kaɗai aka yi wa irin wannan ba, kuma kallon na wasu yakan taimaka wa mutum ya ga nasa. A ƙasar Meziko, zamanin da Sifaniya ke mulkinta, a ƙarni na 18, an yi wani salon zane da ake kira kasta. Yawanci jeri ne na alluna 16. A kowane allo akwai uba da uwa da ɗa, an kuma rubuta sunan abin da aka haifa: Basifane da 'yar asalin ƙasa sun haifi mestiso, Basifane da baƙar fata sun haifi mulato, haka har ƙasa. Mashahurin mai zanensu Miguel Cabrera ya yi nasa jerin a 1763. Allunan farko akan cika su da siliki da kayan alatu, na ƙarshe kuwa da tsumma da sana'o'in wahala. Wani abin lura shi ne, a lissafin masu zanen, jinin 'yan asalin ƙasa yana iya wankewa bayan hawa uku a koma Basifane, amma jinin Afirka ba ya wankewa, sai ma ya sake ɓullowa ga jika. Bayan samun 'yanci a 1821 aka bar wannan zane, daga baya aka rungumi akasinsa, wato cewa kowa gauraye ne, al'umma ɗaya ce. Magana mai daɗin ji, sai dai a ƙarƙashinta baƙaƙen Meziko suka ɓace daga hoton ƙasa, har sai a ƙidayar 2020 aka tambayi kowa, mutum wajen miliyan 2.5 suka ce su jikokin Afirka ne. A Amurka kuma an tara mutanen ƙasashe kusan 20 a ƙarƙashin suna ɗaya, Hisfanik ko Latino, aka shigar da shi takardar ƙidaya ta kowa da kowa tun 1980. Da suna ya zama ɗaya sai masu talla da masu fim suka nemo masa fuska ɗaya, kuma fuskar da suka fi zaɓa mai haske ce. Duk wanda ya taɓa jin 'yan jarida na cewa "Hausa-Fulani" ya san wannan hanya. Suna ne da ya haɗiye Bagobiri da Bazamfare da Bakabe da Ba'adare da Basullube da Batoranke da Buzu da jikan bawan da aka kamo daga kudu, sa'an nan aka ɗora masa rawani ɗaya.

Amma kada mu yi saurin ɗora wa Bature dukan kayan, mu koma gefe muna kaɗe riga. In bera da sata, daddawa ma da wari. Bature ya tarar da mu da namu allunan, sai dai namu da alƙalami aka zana su. A cikin Infaƙul Maisuri, wanda Bello ya rubuta a 1812, ya kawo labarin cewa mutanen ƙasashen Hausa zuriyar wani bawan Sarkin Barno ne mai suna Bawo, ya ware Gobirawa ya ce su 'ya'ya ne, asalinsu Kibɗawan Misira. Su kuma Toronkawa, a ruwayar da ta zo har cikin Tarihin Fulani na Waziri Junaidu, ana kai su ga Uƙubatu, Balarabe. Kowa dai yana neman kakan da ya fito daga gabas, babu mai son a ce nan ya tsiro. Kalmar Haɓe ma ba ta yabo ba ce a bakin mai faɗinta. Sa'an nan ga maganganunmu na yau da kullum: mu ne ke cewa farar mace alkyabbar mata, mu ne kuma in an haifi jariri tsofaffi ke duba kunnensa su ga ko zai yi duhu. Wurno kanta, da muke taƙama da ita, ba malamai da mayaƙa kaɗai suka gina ta ba. Akwai bayi da suka yi noman fadama da saƙa da rini da ɗaukar ƙasar ganuwa, kuma jikokinsu suna nan, wasu sun san tarihin, wasu an ɓoye musu. Gaskiya ne tun a 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawa cewa baƙar fata ba ita ce dalilin bauta ba. Amma ba a yin fatawa a kan abin da babu mai yinsa. Don haka da ra'ayin Bature ya zo, ya tarar da gona a share, shi ya sa ya yi saurin tsiro.

Yanzu mai karatu ya sa hannu a aljihu, in akwai abin da ya rage bayan kuɗin makaranta. Takardar kuɗi ita ce hoton da ya fi kowane yawo a ƙasar nan. A bayan naira 10 akwai matan Fulani biyu ɗauke da ƙoren nono. Hoto ne mai kyau, ban musa ba, amma a duba gaban takardar: Alvan Ikoku ne, da sunansa a rubuce. Matan nan kuwa ba su da suna, ba su da gari. An sa su ne su tsaya a madadin wani "iri". A naira 50, wadda ta fito a 1991 har aka yi mata laƙabi da Wazobiya, an jera fuskoki huɗu, maza uku da mace, kowa da irin hularsa ko ɗaurinsa, don a gane ƙabilarsa da gani. Ashe allon Cabrera bai mutu ba, an dai cire masa matakala, an jera mutanen kafaɗa da kafaɗa. Wanda ya fi burge ni shi ne na naira 200 da aka fitar a 2000, mai ɗauke da Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, wanda ya yi hakimcin garin tun 1934 kamar yadda mahaifinsa ya yi. Shi jikan gidan Bello ne ta wajen Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah. Da yake kyamara ta san shi, mai zanen kuɗin bai sami damar ƙaga masa hanci ba. Ga shi nan da cikar fuskarsa da ƙirarsa ta ƙaƙƙarfan mutum. Da Barth ya gan shi ban san a wane gefen ma'auninsa zai aje shi ba. Ni a ganina wannan hoto ɗaya ya isa ya ƙaryata layukan saman kalandar Baba wanzami, don in ana son a yi hasashen kamannin kaka, ai jika ya fi littafin Clapperton kusa.

Wa aka bari a waje? A bi hanya daga Wurno a nufi Goronyo ranar kasuwa, a dubi fuskokin dattawa. Za a ga askar Gobirawa, layuka jere daga gefen baki zuwa wajen kunne. Wannan ma zane ne, kuma Hausa ba ta yi kuskure ba da ta kira shi da sunan da take kiran aikin mai alƙalami. Shi ne hoton asali da mutanenmu suka yi wa kansu da kansu, kuma ba launi yake faɗi ba, gida yake faɗi: fari ko baƙi, in kana da askar, kai Bagobiri ne. Ba ina kiran a koma tsaga jarirai ba. Ina tambaya ne, me ya sa ban taɓa ganin wannan fuska a bangon littafin makaranta a matsayin "Bahaushe" ba? In ta fito a zanen jihadi, to a gefen waɗanda ake kora take fitowa, alhali tarihi ya nuna akwai Hausawa da yawa cikin jama'ar Shehu, akwai kuma Fulanin da suka tsaya tare da sarakunan Hausa. Nana Asma'u ta fi masu zanenmu fahimtar alama. Da ta kafa 'Yan Taru, malfa ta ɗora wa jajinta, wadda a da alamar Innar Gobir ce, ta naɗa mata jan ƙyalle. Ta ɗauki abin da matan ƙauye suka sani suke girmamawa ta ba shi sabon aiki. Haka kuma da ta tashi yi wa ɗan'uwanta hoto bayan rasuwarsa, a waƙarta Gikku Bello, halinsa ta sa gaba. Ita ce ta san fuskar tasa fiye da kowane Bature, amma ba ta ga cewa nan darajarsa take ba.

Wani zai ce duk wannan surutu a kan kalandar naira nawa? Da shekarun baya ne da na yarda cewa gardamar 'yan jami'a ce. Amma mu mutanen gabashin Sakkwato mun ga inda karanta asali a fuska yake kai mutane. A Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni ta yankin Gandi a Rabah. A Oktoban 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka rasu. A wannan watan kuma aka ba da labarin 'yan sa-kai sun kashe wasu Fulani a kasuwar Mamande ta Gwadabawa. Ba hoto ne ya jawo wannan masifa ba. Dalilanta na ƙasa ne da burtali da talauci da makamai da rashin adalci. Sai dai a lokacin da mai bindiga ko mai gora ya tsaya a bakin kasuwa yana zaɓen wanda zai taɓa, ba takardar shaida yake tambaya ba. Yana duban fuska ne, da ma'aunin nan mai gefe biyu da aka daɗe ana koya masa. Siririyar fuskar da kalanda ta ce ta waliyyai ce, ita ce hotunan wayar hannu suka mayar ta ɓarayin daji. Mai faɗin kuma, da aka ce ta talaka ce, wani ya karanta ta a matsayin ta ɗan sa-kai. Allon bai sake ba, rubutun da ke ƙarƙashinsa ne aka goge aka sake.

Kafin Baba ya gama da ni, wani saurayi ya shigo rumfar, dogo siriri, da sanda a kafaɗa. Ya jingine sandar, ya cire malfarsa, ya ce a aske masa kai ƙwal, har da 'yar tukkun da ya bari a baya. Baba ya ce, "Ɗiyana, wannan suma taka mai kyau?" Ya ce gobe zai shiga mota zuwa Goronyo sayen maganin shanu, kuma innarsa ta ce kada ya tafi da ita, malfar ma ya bar ta gida ya ari hula. Baba bai ƙara cewa kome ba, ya wasa aska a tafin hannunsa. Yaron ya zauna daidai ƙarƙashin kalandar, na duba sama na duba ƙasa, sai na ga duk cikin rumfar nan babu wanda ya kai shi kama da Bellon da aka zana.